Ranar da Aka Ɗaure Ni da Lalle

Shekarun baya, lokacin da hanyoyin Birnin Gwari suka fi zama abin tsoro, ina aikin rigakafin yara a ƙauyuka. Ni ba 'yar garin ba ce, aiki ne ya kai ni, maigidana kuma yana koyarwa a wata sakandare a cikin gari. Mahaifiyata tana Zariya, kuma duk wayar da za mu yi da magana ɗaya take rufewa: "Ke kaɗai a can, ba uwa ba ƙanwar uwa." Ni kuma sai in ce mata ai ina da aikina, kamar aikin ne zai dafa mini ruwan zafi ranar da na kwanta.

Mu mata ma'aikata masu shiga ƙauye muna da irin shigarmu a wancan lokacin. Ba wadda take so a hango ta a kan mashin a ce ga mai albashi. Saboda haka sai tsohon hijabi da ya koɗe, da silifas, ba jaka, ba agogo, ba ɗan kunne. Kular allurai a cusa ta cikin buhu a ɗaure bayan mashin kamar kayan miya. Ni dai na ƙware a wannan shigar fiye da kowa. Akwai ranar da na isa Randagi, na shimfiɗa tabarma na jera kayana, wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yarinya, yaushe ita malamar asibitin za ta iso?"

Abin da ya faru shi ne shigar ta biyo ni har gida. Na daina kitso, ɗankwali ya rufa asiri. Man shafawa ya ƙare ban lura ba. In na dawo sai wanka, sai tuwo, sai barci, gobe kuma a sake hawa mashin.

Akwai babbar sistarmu, ungozoma ce da ta kusa ritaya, wadda kowa yake kira Anti. Duk Asabar bayan azahar mata ma'aikata suna taruwa a tsakar gidanta: malaman makaranta, nas-nas, wata mai aikin gona, wata daga sakatariyar ƙaramar hukuma. A yi kitso, a yi ƙunshi, a sha zoɓo. Doka ɗaya ce a gidan. Akwai wata babbar ƙwarya a bakin ƙofa, duk wadda ta shigo sai ta jefa wayarta a ciki, ba za ta ɗauka ba sai za ta tafi. An sha gayyatata ban je ba. A raina cewa nake, gari na cin wuta su suna zaman ƙunshi. Na ɗauke shi taron gulma ne kawai da aka yi wa ado da lalle.

A shekarar ne na samu cikin da muka daɗe muna roƙo. Ban fasa fita ba, don babu wanda zai karɓe ni, ko kuma haka nake gani. Da cikin ya tsufa sai ƙafafuna suka fara kumbura, kai ya riƙa sara mini, wani lokaci in ga kamar walƙiya a idona. Duk waɗannan alamun ni nake karanta wa matan ƙauye su a ƙarƙashin bishiya, in ce duk wadda ta gan su ta garzaya asibiti. Da suka zo kaina kuwa sai na samo musu bayani mai kyau. Kumburi na zaman mashin ne, ciwon kai na rana ne, walƙiya kuma yunwa ce. Ma'aikacin lafiya ya fi kowa iya yi wa kansa fassara.

Wata safiya na je ɗaukar allurai, muka yi kiciɓis da Anti a baranda. Ta tsaya tana kallon fuskata.

"Zo in auna jininki."

"Anti, ɗan acaɓa na jira na. Sai na dawo."

Ban koma ba. Da muka sake haɗuwa ta sake cewa, na sake ce mata sai na dawo. Ba ta ƙara magana ba, ni kuma na ɗauka ta manta.

Ranar Asabar ina kwance sai ga ƙawata ta shigo. Malamar firamare ce, Gbagyi ce 'yar asalin yankin, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci a ɗakina take cire takalmi, ranar salla kuma ita take fara cin naman gidana.

"Maman biyu, tashi. Yau sai kin raka ni gidan Anti."

"Wallahi kaina ke ciwo."

"Can ma akwai tabarma. Dubi kanki fa, ko tsintsiya ta fi shi tsari. Haka za ki haihu mutane su zo barka su same ki?"

Na ce mata ranar Litinin zan shiga ƙauyen Kakangi, ba zan yarda a yi mini zanen birni a hannu kowa ya gane ni ba. Ta ce wa ya ce miki zane, irin na kakanni za a yi miki, ja wur ba fulawa, ko matar mai unguwa ba za ta bambanta ki da 'yarta ba. Hujjata ta ƙare, na jawo hijabi.

Na jefa wayata a ƙwarya ina jin kamar na jefa hannuna. Aka yi mini shimfiɗa a inuwa, aka sa mini filo a baya. Ƙawata ta kama ƙafafuna ta lafta musu lalle ta naɗe da leda, mai aikin gona ta kama hannuwana ta yi musu haka ta ɗaure da tsumma. Ina zaune ina sauraro, sai na fahimci hirar ba irin wadda nake zato ba ce. Gulma dai akwai, kada in yi ƙarya, har da ta wani shugaban makaranta mai rina gemu. Amma a nan ake faɗin wace hanya ce ta yi sauƙi a satin nan, wane ɗan acaɓa ne ba ya surutu, ina ake neman malama, yadda ake neman canjin wurin aiki ba tare da an yi ta yawo da mutum ba.

Sai da aka gama ɗaure ni tsaf, ba hannu ba ƙafa, sannan Anti ta fito daga ɗaki da abin awon jini a hannunta. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabana.

"To, 'yata. Yau kuma wane ɗan acaɓa ne ke jiran ki?"

Tsakar gidan ta kwashe da dariya, har da ni. Ashe tun ranar Alhamis aka ƙulla abin, kowa ya sani sai ni. Ta naɗa abin a damtsena ta fara matsawa. Ina kallon fuskarta na ga dariyar ta ɗauke. Ta sake aunawa a ɗaya hannun. Sannan ta juyo da abin awon ta nuna mini, don ta san na iya karantawa. Lambar da na gani irin wadda in na gan ta a jikin wata ce nake cewa a nemo mota yanzu. Na san abin da ke biyo bayanta, jijjiga, kuma na ga yadda take tafiya da uwa ko da ɗa, wani lokaci da su duka.

Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne, "Anti, Litinin fa ina da Kakangi. Na yi wa matan alkawari, yaran allura ta biyu za su karɓa."

"Yaran Kakangi za su samu allurarsu ko da ke ko ba ke," in ji ta. "Wannan na cikin naki wa zai je masa?"

Ta tashi ta ɗauko ƙwaryar nan ta kife ta a kan tabarma. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin an karya dokar gidan. Kowa ta tsinci wayarta, tawa kuma Anti ta sa a aljihunta. Wata nas da ban taɓa gaisawa da ita da kyau ba ta ce ita za ta je Kakangi, ta san hanyar, ni dai in faɗa mata ƙofar gidan da ake taruwa. Ta sakatariya ta kira shugabanmu ta gaya masa na fara hutun haihuwa daga yau, da muryar da ba ta bar masa wurin cewa a'a ba. Mai aikin gona ta kira ƙaninta direba, ta ce a ajiye kujerar gaba a motar da za ta bi rakiyar jami'an tsaro zuwa Kaduna da safe, don Anti ta ce in abin ya kai ga a ciro jaririn da wuri, can ne akwai kwalbar da za a sa shi. Ƙawata ta kira maigidana.

Ni kuwa ina zaune kamar ragon da aka ɗaure, ana ta tsara rayuwata a gabana. Tsoro ya kama ni sosai, da kunya, da wani irin sauƙi da na daɗe ban ji ba. Hawaye suka zubo, ba hannun sharewa. Ƙawata ta share mini da bakin gyalenta tana cewa, "Yi a hankali, kar ki jiƙa mana lalle."

Anti ba ta bari lallen ya kama ba. Ta ce a kwance ni, aka wanke, aka wuce da ni asibitin gari aka fara ba ni magani. Washegari muka bi ayari zuwa Kaduna, ƙawata a kujerar baya tana riƙe da kayan jariran da matan nan suka harhaɗa, don ni ko wando ɗaya ban saya ba. Ba a daɗe ba likitoci suka ce ba za a jira ba, aka yi mini aiki. Aka ciro 'yata 'yar mitsitsiya, ta yi zamanta a kwalba har ta yi ƙwari. Yanzu tana firamare, kuma duk gidan ba mai bakinta.

Mahaifiyata ta iso daga Zariya ta same ni a gado. Bayan ta gama kukanta da addu'o'inta sai ta kama hannuna tana juyawa. Lallen ya fito fari-fari, kalar ruwan goro, wani wurin ma bai taɓa ba.

"Wace ce ta yi miki wannan ƙunshin da bai kama ba?"

Na ba ta labari tun daga ƙwarya har zuwa mota. Ta shafa tafin hannuna da babban yatsanta, sannan ta ce, "Ashe kina da uwa a can." Daga ranar ba ta sake rufe waya da waccan maganar ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa dabarar ta ci. Mace mai aiki ba ta rasa dalilin tashi, kuma dalilanta duk na gaskiya ne, shi ya sa ba a iya kayar da ita da magana. Sai dai a samu waɗanda suka san aikin, suka san nauyinsa, waɗanda in sun ce zauna za su iya ɗaukar kayan su kai inda za ki kai. Har yau in na ji ƙanshin lalle sai gabana ya ɗan faɗi, sannan in ji daɗi.

Anti ta yi ritaya ta koma garinsu, zaman Asabar ya dawo tsakar gidana, ƙwaryar ma ita ce dai. Kwanakin baya aka turo mana wata sabuwar ma'aikaciya, yarinya mai ƙoƙari, ba ta zama ba ta hutawa. Na lura idanunta sun faɗa, wuyanta ya rame. Na tare ta a baranda na ce ta zo in duba ta. Ta ce, "Anti, ana jira na, sai na dawo."

Na ce mata Allah ya kiyaye hanya. Da na koma gida na leƙa ta katanga na ce wa ƙawata ta kwaɓa lalle.