Diyyar Allurar da Ba a Yi Ba

Ko zan manta komai na zamana a New York, ba zan manta ranar da na zauna a ofishin lauya muna neman diyyar allurar da ni kaɗai na san ba a yi ta ba.

Ɗanmu yana da shekara ɗaya da 'yan watanni matata ta ce in kai shi rigakafin ƙyanda. Ita kitso take yi, tun safe tana shago, ni kuwa tasi nake ja, kuma ni ne mai Turancin gidan. Na isa asibiti na tarar da layi har bakin ƙofa, sai ga wayar wani tsohon fasinjana, zai tafi filin jirgin sama na JFK. Zuciya ta ce min ai allura ba guduwa za ta yi ba. Na ajiye yaron a shagon abokina mai turare a unguwar Morrisania, na kai fasinja, a hanyar dawowa na sayi filasta na manna masa a cinya. Ashe abokin nan ya ba shi kilishi ya tsotsa. Muka isa gida yaro ya dinga tsala ihu saboda yaji, matata tana jijjiga shi tana cewa, "Yi haƙuri, zafin allura ne." Ni ma, don rashin kunya, har da yi masa sannu.

Na ce gobe zan mayar da shi. Goben nan ba ta zo ba. Duk sanda ma'aikaciyar asibiti ta tuna min, sai in ce yau yana mura.

Da ya haura shekara biyu muka lura ba ya magana, ka kira shi ba ya waiwayowa, sai ya yini yana jera cokula a kan tabarma. Likitoci suka ce larura ce da ake kira otizim. Nan fa yayar matata ta shigo da labarin da ta tsinto a waya, wai allurar ƙyanda ce ke kawo ta, kuma akwai kotun da ke biyan diyya. Yaya har ta zaɓi unguwar da za mu koma. Matata kuwa ba diyya ta ji ba, abu ɗaya ta ji: ita ta matsa a kai shi. Ta daina cin abincin kirki, ta rame, tana kan sallaya tana kuka tana cewa, "Ni na rufe masa baki da hannuna." Ina gani, ina ji, na yi shiru. Wallahi har yau in na tuna shirun nan kunya nake ji.

Aka kusan shekara biyu a haka, sai Yaya ta samo lauya, wani dattijon Bature. Na sa hannu ya nemo bayanan asibiti, ina fatan kwamfutarsu ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Ranar da ya kira mu, Yaya ta ci leshi kamar mai zuwa biki. Tana zama ta fara ba da shaida, ni ina fassarawa: da idonta ta ga wurin allurar ya kumbura kamar ƙwai. Na fassara masa ƙwan nan ba tare da na ƙifta ido ba.

Lauyan ya saurara, ya gyara tabarau, ya ce abu biyu zai gaya mana. Na farko, kotun ta sha duba irin wannan ƙara, ba ta ga alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Na biyu, ya juyo min da takardar asibitin, ya ce yaron nan ba a taɓa yi masa allurar ba.

Matan biyu suka zuba min ido.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

"Ya ce... ya ce sannunku da zuwa."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Turanci ne, Yaya, haka yake da tsawo."

Ga hanya a buɗe. In ce ya ce lokacin shigar da ƙara ya wuce, mu tashi, asirina a rufe har abada. Har na buɗe baki, sai matata ta taɓa hannuna.

"Malam, ka gaya masa ni ba kuɗi nake so ba. Ya faɗa min gaskiya kawai. Ni ce na jawo masa?"

Ban san sanda na ce, "Ba ke ba ce. Ba a yi masa allurar ba. Filasta ce kawai, ni na manna," ba. Na kwashe komai na faɗa, har da kilishin.

Yaya ce ta fara farfaɗowa. "To ƙwan da na gani fa?"

Matata ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, sannan ta ɗaga jakarta ta maka min a ka. "Shekara biyu! Shekara biyu ina neman gafarar Allah a kan filasta!" Lauyan ya tura mata kwalin tishu, ya tambaye ni me take cewa. Na ce masa godiya take yi.

Wata guda matata ba ta yi min magana ba, ko gishiri take so sai ta aiko Yaya ta waya. Amma a daren farko ta ci tuwo har da ƙari. Satin da ya biyo baya ta rufe shago, ta tasa ni gaba zuwa asibiti, ta riƙe yaron da kanta, ta sa ido har allurar ta shiga ta fita. Kuɗin da ba mu samu ba bai dame ta ba, Yaya ce ta yi zaman makokinsa.

Yanzu ɗanmu yana makaranta, ana koya masa magana a hankali, kuma uwarsa ta daina kallonsa kamar wanda ta cuta. Abin da na koya shi ne, ƙaryar da mutum ya yi don ya tsira da mutuncinsa ba shi ke ɗaukar nauyinta ba. Ni na yi tawa a minti biyu na ci gaba da barcina, matar da ba ta san komai ba ita ta ɗauke ta shekara biyu.