Ranar da Na Amsa wa Ɗan Farina

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ɗana na fari ya doshi shekara uku bai taɓa furta kalma ɗaya ba. Muna zaune a bayan garin Fagam, gida ne na noma da 'yan shanu da ba su kai ashirin ba. Yaron lafiyarsa ƙalau, ga ci ga gudu, amma in yana son ruwa sai ya ja zanen mutum ya nuna randa. Matan unguwa har sun fara ce masa bebe, da farko a bayan idona, daga baya a gabana.

Ni kuwa ba ni da bakin magana, don ɗan fari ne. A irin gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta amsa masa a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai, wata ta ɗauke shi. Kuma na iya kunyar nan, har ana misali da ni. Nono ma sai na shige ƙuryar ɗaki nake ba shi, bakina gum, idona a bango. Da aka yaye shi, uwar mijina, wadda muke kira Iya, ta ɗauke shi ya koma ɗakinta can ƙarshen gida kusa da garke.

Iya mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙanta, amma magana tsada gare ta. Sai ta wuni ba ta faɗi kalma goma ba, ga kunnenta ya fara nauyi. Tana son yaron kamar ranta. Ta yi masa wanka, ta dama masa fura da kindirmo, ta goya shi in ya gaji, duk a cikin shiru.

Wata safiya a tsakiyar damina ta tsaya a kaina ina wanke-wanke ta ce, "Linzami ne da yaron nan. Zan aika wa wanzami ya zo ya yanke."

Na ga yadda aka yanka wa ƙanena wannan 'yar jijiyar ta ƙarƙashin harshe a gidanmu a Kiyako. Bakinsa ya kumbura, ya yi kwanaki ko kunu ba ya iya haɗiya, har muka fid da rai.

Ranar ce na fara kallon ɗana da gaske, a sace, ina daka ina leƙe. Ya je ya tsuguna gaban wani maraƙi ya yi kukansa, har uwar maraƙin ta waiwayo. Ya bi zakara ya yi cara. Can ya dafa gwiwa zai tashi, ya yi tarin Iya sak, ya haɗa da ɗan nishin da take yi. Dariya ta kama ni, kafin in ankara kuma hawaye ne. Harshen da ya iya duk wannan, me aska za ta gyara masa? Duk abin da ya shiga kunnen yaron nan yana dawo da shi daidai. Magana ce ba a ba shi ba, kuma ni ce ta farko da ta hana shi.

Ban isa in faɗa wa Iya haka ba, sai na bi ta wata hanya. Na durƙusa na ɗaga murya na ce, "Iya, damina ce, miki ba ya saurin warkewa. Da an bari a yanke gero." Ta gyaɗa kai.

Daga ranar na shiga satar ɗana. Duk hantsi in zan tafi rafi wanke ƙoren nono sai in yafice shi ta bayan rumbu. Ranar farko na buɗe baki na rasa me ake ce wa yaro. Na ɗaga ƙwarya na ce, "Ce ƙwarya." Ya zuba wa bakina ido kamar ya ga akuya tana magana. Kwana uku ina "ce kaza, ce kaza", shi kuwa ko a jikinsa. Ni kuma Allah ya yi ni da gajen haƙuri. Na daka masa tsawa, ya ruga ya ɓuya bayan dutse, na zauna a bakin ruwa ina jin haushin kaina.

Shi ya koya mini yadda ake yi. Na lura duk abin da na ɗaga masa ba ya kallo, nasa idon yana wani wuri. Sai na daina jan shi, na koma bin idonsa. In ya kalli tururuwa sai in tsuguna daidai tsayinsa in ce, "Tururuwa ce, ta ɗauko hatsi, za ta gida." In ya jefa tsakuwa a ruwa in ce, "Ta nutse!" Sai in yi shiru in ba shi fili, ko da gurnani zai mayar mini, in amsa kamar ya faɗi babbar magana. Abu ɗaya sai ya so a maimaita sau ashirin, ni ina gajiya shi ba ya gajiya. A can ne kawai nake ce masa, "Zo wurin Inna." Wata rana kwaɗo ya yi tsalle daga cikin ƙwaryata, yaron ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ɗo!" Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Rafi kuwa ba ɗakin kowa ba ne. Mata suka gan mu, labari ya zaga cewa 'yar Kiyako ta zubar da kunyarta a bakin ruwa. Maigidana ya ce mini, "Ana ta surutu a kanki fa." Na ce, "Su yi. Su ai suna da bakin yi." Yanzu nakan ji likitoci a rediyo suna bayanin cewa ƙwaƙwalwar yaro a 'yan shekarun nan take ginuwa, da hira da wasa da amsa masa. Nakan ce gaskiyarku, amma ni a bakin rafi na gano, kuma sauran 'ya'yana shida tun suna zanen goyo nake damun su da zance.

Saura matsala ɗaya. A rafi kalmominsa sun fi yatsun hannuna, amma da mun shigo gida sai in koma dutse, shi ma ya koma bebe. Yaro ba ya gane uwa mai fuska biyu. Iya ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba, don haka ana gama ɗaure dammunan gero ta aika.

Wanzami ya zo da hantsi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ga surukina mijin Iya a zaune, ga maigidana, ga matan maƙwabta sun yi cirko-cirko. Iya ta zaunar da yaron a cinyarta ta rungume ƙirjinsa. Ni ina can bakin madafa, na juya rabin baya kamar yadda ya kamaci uwar ɗan fari. Wanzami ya buɗe zabira ya zaro aska, ya sa yatsa zai buɗe masa baki.

Yaron ya fizge kai, ya nemo ni da ido cikin mutanen nan duka.

"Inna! Inna, zo!"

Wanzami ya tsaya da aska a hannu. Kowa ya bar yaron ya juyo yana kallona, a ga ko zan kau da kai.

Na ce, "Na'am. Ga ni nan."

Iya ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ji nawa, don da ƙarfi na faɗa. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta sake hannuwanta daga ƙirjinsa, ya taho da gudu.