Hatsin Manoma da Albasar Kwaɗi

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba idanu, ina amarya a Kalgo. Ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba. Gidanmu na haihuwa yana Ceberu, can ƙasar Gwandu, kan tudu mai rairayi. Baba manomin gero ne, kuma tun tasowata ba ya zuba iri a ƙasa sai ya ga hatsin manoma ya fito. Wani farin fure ne mai kai irin na albasa, wanda ke ɓullowa bayan ruwan farko. Ranar da ya gan shi a bakin gona, ranar zai ce a sauko da iri daga rumbu.

Da aka yi ruwa a waccan shekara, wata mai daddawa da ke cin kasuwarmu ta kawo mini saƙon Inna. Ta ce Baba lafiya lau, sai dai kullum yana zaune a zaure yana tambaya ko furen nan ya fito, ita kuwa ta duba ba ta gani ba. Na nemi izinin maigidana, washegari na kama hanya.

Kafin tasha akwai wata fadama. Ina wucewa sai na hango fararen furanni a gefen ruwa, manya, suna ta rangaji. Daɗi ya kama ni. Na tono ɗaya da kansa da komai, na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, na rungume shi a mota har gida kada a matse mini shi.

Na tarar da Baba a kan buzunsa. Bayan mun gaisa na ɗora masa furen a tafin hannu.

"Baba, ga hatsin manoma na kawo maka."

Ya yi murmushi. Ya bi ganyen da yatsunsa tun daga gindi har ƙarshe, ya jinjina nauyin kan tsiron, ya zura ɗan yatsa a hankali cikin furen, sannan ya kai shi hanci.

"Ɗiyata, ina kinka samo wagga?"

"A fadamar Kalgo."

"Duba mini, akwai jan zane a tsakiyar kowane kunnen furen?"

Na duba. Ga shi kuwa, ja-ja kamar an ja shi da tsinken lalle.

"To, albasar kwaɗi ta. 'Yan gida ɗaya ne, ko manya suna ruɗewa. Kawo hannunki."

Ya kama yatsuna ya ɗora a kan ganyen. Ya ce in ji faɗinsa da kaurinsa, na hatsin manoma siriri ne, yana murɗewa kamar igiya. Ya ce shi wancan fari ne fat, kuma a cikinsa akwai wani ɗan ƙoƙo, wannan kuwa ba ta da shi. Wannan ruwa take bi, ko tudu bai jiƙa ba za ta fito, don haka ba ta gaya wa manomin gero komai.

Na miƙa hannu zan karɓa in yar, sai ya riƙe.

"A'a. Kai wa Innarki. Furen garinsu ne."

Inna 'yar Dangoma ce, a bakin fadama ta tashi. Tana tankaɗe a tsakar gida, da ta ga abin da ke hannuna sai ta ajiye rariya. Ta daɗe tana juya shi. Ta ce suna 'yan mata sukan soka shi a kitso in za su ɗebo ruwa, iyaye suna yi musu tsawa kada wata ta kai kan albasar baki, don guba ne. Rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ta karkaɗe gari daga hannunta, ta haƙa rami a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ta dasa shi.

Ranar da na kwana biyu aka sake yin ruwa mai ƙarfi. Bayan wasu kwanaki, da la'asar sakaliya, Baba ya ce mu kai shi gona, don da yamma furen ke buɗewa. Ina riƙe da bakin sandarsa, Inna na biye. Mun kusa tsohuwar tsamiyar da ke kan iyaka sai ya ja ya tsaya.

"Ku duba hannun hagu. Na ji shi."

Mu masu ido sai da muka yi ta dube-dube. Can na gan su cikin sabuwar ciyawa, gajeru, farare tas. Ƙamshinsu mai sanyi ne, ba ya hawa kai. Baba ya durƙusa, na kai hannunsa, ya shafa ɗan ƙoƙon da babban yatsa. Bai tsinke ba.

Da safe muka fita shuka. Ni ke gaba da sungumi ina sara, shi yana bin ramukan da tafin ƙafa, ya jefa iri, ya rufe da diddige. In ya kauce sai Inna ta ja masa gefen riga.

"Malam, layinka ya karkace."

"Ba ni na sara ba," in ji shi. "Ki tambayi ɗiyarki."