Honorabul na Taman Melati

Duk Bahaushen da ya taɓa zama teburi ɗaya da Ɗan'azumi a mamak, wato gidan shayi da abinci, da ke bakin tashar jirgin Taman Melati a Kuala Lumpur ya san abin da ke biyo bayan shayi. Zai jawo takardar goge hannu, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya kama zane. Ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, sai ka san yadda aka tsara ƙaramar hukuma kafin shayinka ya huce.

Sunansa na yanka Muntasir, amma da azumi aka haife shi, kuma hedimastansu na firamare, Malam Abdulwahidu, bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Ɗan'azumi, har sunan ya bi shi. Wannan Malamin ne ya yi sawu uku zuwa wurin mahaifinsa, yana roƙon a bar yaron ya wuce sakandare maimakon zaman shago. Yaro ya wuce, ya yi ta wucewa, har ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da sha'anin mulkin ƙananan hukumomi a wata kwaleji. Daga nan gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur neman digiri na uku, ya taho da matarsa Mubina da 'yarsu Hanan, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci.

Zanen nasa ba ya canzawa. A sama ciyaman da mataimakinsa, waɗanda duk ƙaramar hukuma ke zaɓa. A ƙasa mazaɓu, goma ko fiye, kowacce da kansila ɗaya. Kansilolin su haɗu su zama majalisa, su fitar da shugaba a cikinsu, su yi ƙananan dokoki, su sa wa ciyaman ido. Shi kuma ciyaman ya naɗa sakatare da masu kula da lafiya da ilimi da ayyuka da gona. In ya zo kan kansila sai ya zagaye shi sau uku, har biro ya huda takardar.

“Wannan shi ne mutumin da za ka buga wa ƙofa da safe ka ce famfon unguwa ya mutu,” in ji shi. “Ka san gidansu, ya san gidanku.”

Ba wai bai san halin da ake ciki a gida ba. Rabin kundin bincikensa kan kantomomin riƙo ne, da irin zaɓen da jam'iyya ɗaya ke kwashe kujeru kaf kamar an share da tsintsiya. Amma a wurinsa zanen lafiyarsa ƙalau, mutane ne suka ɓata. Kuma yana da abin taƙama guda da yake yi wa Adnan, ɗan ƙasar Malesiya da suke ɗakin bincike ɗaya.

“Ku naɗa muku kansiloli ake yi, ko magajin garin nan ba ku kuka zaɓe shi ba. Mu komai lalacewarmu muna dangwala ƙuri'a.”

Adnan sai dai ya yi dariya ya ce, “Boleh lah, Doktor. Makan dulu.” Wato ya ji, a ci abinci tukuna.

A zaɓen bara Malam Abdulwahidu, wanda ya yi ritaya tuni, ya fito takarar kansila a mazaɓarsu a wata ƙaramar jam'iyya. Ba shi da fosta ko ɗaya. Da ƙafa ya bi gida gida, yana maganar rufin aji biyu da iska ta yaye da asibitin sha-ka-tafi da aka mayar ɗakin ajiyar taki. Duk Juma'a Ɗan'azumi na kiransa, yana ba shi shawara daga nesa, har da turo masa zanen nan.

Ranar Asabar aka yi zaɓe. Ranar Lahadi bayan la'asar, suna zaune da su Adnan a mamak, wayar Ɗan'azumi ta fara kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Saƙon farko daga wani ɗan ajinsu ne: “Allah ya taya riƙo, Honorabul.” Ya ɗauka zolaya ce. Na biyu da na uku ma haka. Sai aka turo masa hoton takardar sakamako, ga sunansa ɓaro-ɓaro, Muntasir, da sunan mahaifinsa, da ƙuri'a dubu huɗu da ɗari biyu. A ƙarƙashinsa Malam Abdulwahidu, ƙuri'a sha tara.

Jama'a, mutumin da ranar zaɓe yana kasuwar Cheras a Kuala Lumpur yana tayin kifi! Mutumin da shekara uku rabonsa da ƙasar, katin zaɓensa ma yana cikin akwati a ɗakin mahaifiyarsa. Shi ne ya ci zaɓe da rinjaye.

Nan take ya kira yayansa Sharfaddeen, wanda ke bin 'yan jam'iyya mai mulki tun yana saurayi. A nan ya tuna cewa wata shida baya Yaya ya nemi ya turo masa hotunan takardun makarantarsa da ɗan ƙaramin hoto, wai za a sabunta masa shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

“Yaya, mene ne wannan?”

“Alheri ne, ƙanena,” in ji Sharfaddeen, muryarsa fal murna. “Manya suka ce bana kujerar ta gidanmu ce. To ka san ni ban ƙare sakandare ba, kuma sai da takarda. Shi ne muka sa naka. Kai suna, ni kujera. Kai dai yi karatunka.”

“Aka tantance ni ba ni nan?”

“Ai an san da maganar.”

“Rantsuwa fa? Wa zai ɗaga Alƙur'ani da sunana?”

“Gobe zan je. Ciyaman ya san da maganar. Kai wai me ya sa komai sai ka mayar da shi lacca? Inna tun safe take rabon goro.”

Ɗan'azumi ya faɗa wa yayansa maganganun da bai taɓa faɗa wa na gaba da shi ba, da ƙarfi, har masu kai abinci suka tsaya kallo. Sharfaddeen ya kashe waya. Adnan ya tambayi abin da ya faru, wani ɗalibi a teburin ya fassara masa. Adnan bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi wa Ɗan'azumi sauƙi.

Washegari ya rubuta takardar cewa bai tsaya ba, bai ci ba, ba ya so. Shi da ya koyar da wannan darasi ya san inda za ta: hukumar zaɓen jiha da majalisar kansiloli. Ta farko ba ta amsa ba har yau. Ta biyu kuwa, da aka je kai takardar, aka ce majalisa ba ta fara zama ba, a bar ta a hannun kansilan mazaɓar. Aka miƙa wa Sharfaddeen. Inna ta kira tana kuka, wai zai tona wa ɗan'uwansa asiri a idon duniya. Mubina ta ce ya bi a hankali, gwamnatin da ta turo su ba ta son hayaniya. 'Yan Najeriya a masallacin Juma'a suka kama “Honorabul, Honorabul,” wasu da wasa, wasu kuwa har da rusunawa, kuma waɗannan ne suka fi ƙona masa rai.

Duk wannan zai iya ɗauka. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne Malam Abdulwahidu. Kwana biyar yana duba lambar yana ajiyewa. Ranar Juma'a da yamma, lokacin da ya saba kira, ya tsaya a barandar gidansu ya danna.

Malam ya amsa sallama a natse. Ɗan'azumi ya zuba bayani ba numfashi: takardun, Yaya, kifin Cheras, wasiƙar da ya rubuta. Ya rantse, ya sake rantsewa. Malam bai katse shi ba sai da ya kai aya.

“Na ji,” in ji tsohon. “Mu dai mun fito tun hantsi da katunanmu. Har la'asar ba mu ga akwati ba, ba mu ga malamin zaɓe ba. Matan unguwa suka gaji suka koma ɗora tukunya. Ni har sha taran nan da aka ba ni ban san daga ina suka fito ba.”

“Malam, wallahi ban sani ba. Ni ne fa, Ɗan'azuminka.”

Ta cikin wayar yana jin kukan akuya a tsakar gidan Malam.

“Takardun da aka yi aikin da su, ni na yi sawu uku don ka same su,” Malam ya ce. “Rufin ajin nan dai har yanzu yana ƙasa, in kun samu zama a duba. Sai an jima, Honorabul.”

Ɗan'azumi ya daɗe riƙe da wayar a kunne bayan an kashe. Har yanzu yana zuwa mamak, yana shan shayinsa, biron na nan a aljihun gaba. Wani sabon ɗalibi da aka ba labarin zanen ya taɓa tura masa takardar goge hannu, sai ya goge bakinsa da ita ya tashi.