Wanda Ya Haife Ka

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, amma maganar da wani mai doya ya faɗa mini a kasuwar Yendi, ita kam ba zan manta ba sai ranar da aka rufe ni.

A Salaga aka haife ni, gidan fataken goro na asali, irin gidan da in ka karya Hausa a gaban Baba sai ka sha harara. Da na karɓi addinin Kirista, Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi kada in sake taka zaurensa. Inna kuwa ta biyo ni har bakin hanya tana kuka, ta cusa mini ƙunshin dakuwa a aljihu. Ni kuma da zuciya irin ta Baba, na tafi ban waiwaya ba. Na zauna shekara uku a Yendi wurin wani dattijo mai wa'azi, ɗan ƙabilar Moshi. Idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa littafin Allah a gaban jama'a. Zamanin Turawa ne, lori bai daɗe da fara bin hanyoyinmu ba.

Muna shirin tafiya wa'azi Bawku, na shiga kasuwa sayen guzuri, sai wani Bagwanje mai doya ya riƙo hannun rigata. Ya ce daga Salaga yake, an ba shi saƙo. "Wanda ya haife ka ya kwanta ciwo. Ya na kuka, ya ce ka zo."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce a zuciyata, to, Baba, yau kuma ni ake nema? Na fizge rigata, na ce masa na ji, na wuce. Ko tambayarsa ɗaya ban yi ba.

Daga nan ruɗani ya same ni. In na tuna Bawku, sai in ga aikin Allah ne, wa zai karanta wa dattijo? In na zauna shiru kuma, sai wani abu can ƙasan zuciyata ya ce, koma. A hankali yake faɗa, ba ya ƙari, ba ya ragi. Na rasa ko Ubangiji ne, ko Shaiɗan ne yake so ya janye ni daga aiki, ko kewar gida ce kawai. Na yi addu'a har gwiwata ta yi kanta, amma addu'ar duk ƙorafi ce, ina lissafa wa Allah abin da Baba ya yi mini kamar ba Ya nan aka yi.

Sai na ce bari in nemi alama. Na je bakin hanya na zauna, na ce ya Ubangiji, in motar arewa ta fara zuwa, Bawku Kake so, in ta kudu ce, Salaga. Ban daɗe ba sai ga ta kudu, cike da buhunan hatsi. Kun san abin da na yi? Cewa na yi wannan gwaji ne, mu sake. Washegari babu motar da ta zo. Rana ta uku ta arewa ta zo, na yi tsalle na ce Allah Ya yi magana. Kai, yaro dai yaro ne, ko da gemu.

Na je na shaida wa dattijon. Ya daɗe yana kallona da idanun nan nasa masu hazo, sannan ya ce, "Ɗana, ka tambayi Ubangiji?"

Na ce, "Baba, kwana uku ina tambaya."

Ya ce, "Na ji muryarka ta bango. Taka kaɗai na ji. Yaushe ka yi shiru?"

Na ji haushi. Na ce masa alama ta riga ta zo. Ya ce in ina so in je gida zai jira ni, Bawku ba za ta gudu ba. Na ce a'a. Muka kama hanya, muka hau dutsen Gambaga ina haki, abin nan yana ta cewa koma, ni kuma ina ɗaga murya da waƙar yabo don kada in ji shi.

Kwana biyu da isarmu Bawku, ina tsaye kusa da kara, kasuwar shanu, ina karatu, sai na hango wani maƙwabcinmu na Salaga, ya zo sayen shanu. Ya jira na gama, ya matso, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kai, me kake yi a nan? Saƙo bai same ka ba? Innarka fa tana kwance, ba ta da magana sai sunanka."

Na ce, "Inna? Ba Baba ba?"

Ya ce, "Babanka lafiyarsa lau. Shi ya ma nemo mai doyan ya aika."

Na zauna a ƙasa cikin kashin shanu. Ni da na tashi a zangon Salaga, cikin ƙabilu iri-iri! Kullum ina jin Gwanjawa da Dagomba suna cewa "matana ya tafi kasuwa," "uwana ya zo." A Hausarsu babu "ta," mace da namiji kowa "ya" ne. Na san wannan kamar yadda na san sunana, har dariya muke musu muna yara. Amma ranar nan na ji maganar Bagwanje da kunnen gidanmu, domin fassarar ta yi wa fushina daɗi.

Dattijon bai ce ai na faɗa maka ba. Ya dafa kaina ya yi addu'a gajeriya, ya ce tashi. Na yi tafiyar nan rabi a mota rabi a ƙafa, ban san yadda na wuce Yendi ba.

Da la'asar na isa Salaga. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida, na san an gama. An binne ta kwana biyu kafin zuwana. Baba yana zaune a zaure, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga. Ya ɗago ya ce, "Shigo mana. Ka zo?"

Na durƙusa ina kuka. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, wallahi ban san ita ba ce. Na zaci kai ne."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ka zaci ni ne. Shi ya sa ba ka zo ba."

A nan na gane cewa ko da shi ne a kwance, abin nan da yake cewa koma ba zai canja magana ba. Ni ne na ruɗa kaina da motoci da alamu, alhali an gaya mini tun ranar farko.

Na yi shekaru ina wa'azi bayan haka. Matasa sukan zo su ce, Baba, yaya mutum zai gane muryar Allah? Nakan ce musu su fara da yin shiru, su kuma yi hattara da amsar da ta yi daidai da fushinsu. Allah bai taɓa ƙin yi mini magana ba. Ni ne na cika Masa kunne da tawa, har uwata ta mutu tana kirana.