Ranar da Bas Ta Ɗauko Peni

Peni Faleolo ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas a Logan, kudu da Brisbane. A garejinmu ba wanda ya kai shi daɗewa, ba kuma wanda ya kai shi jiki. Daga tsibirin Samowa iyayensa suka kawo shi yana yaro, ya yi wasan rugbi har gwiwa ta gaza, sannan ya kama sitiyari. Ƙananan direbobi Kawu suke ce masa. Ni kuwa ɗan'uwa yake ce mini, ko da yake ba abin da muka haɗa sai layi ɗaya da muke karɓa-karɓa.

Layin nan ta gaban babban asibiti yake bi. Peni ke fitar farko da asuba, shi ya sa ya san masu kwana cikin motocinsu a bakin titi. Mutanen karkara ne da suka yi tafiyar yini guda suka kawo marar lafiya, aka kwantar da shi, su kuma ba halin kama otal. Akwai ƙungiyar da ke da masauki kusa da asibitin don irinsu, amma ɗakunan ba sa isa. Wata safiya ya ga wani dattijo da hular makiyaya yana wanke baki a gefen motarsa. Ya tsaya suka gaisa, alhali wurin ba tasha ba ne. Matar mutumin ce a kwance, an shiga wata na biyu.

A ɗakin shan shayi ya kawo maganar. Ya ce mu shiga gudun fanfalaki na Gold Coast da ake yi a watan Yuli, mu tara wa masaukin gudummawa.

Desley Prowse, mai tsara mana lokutan aiki, ta ajiye kofinta. Ita kaɗai ce a cikinmu ta taɓa yin irin wannan gudun.

Ta ce, "Kai? Kilomita arba'in da biyu? Peni, daga nan zuwa bakin get ma sai ka yada zango."

Ya ce, "Ba zango nake yadawa ba, gaisawa nake da jama'a."

"To ranar ba mai gaishe ka. Ka sayi takalmi tukuna, ba da silifas ake yi ba."

Mu shida muka fara, kafin wata biyu saura uku: ni, da Desley, da Peni. Bakin kogi muke haɗuwa kafin aiki. Desley na gaba da agogo, ni a tsakiya, Peni can baya yana huci, duk wanda ya wuce da kare sai ya tambayi sunan karen. Da farko daga falwaya zuwa falwaya yake gudu, ya taka ta gaba. Bai taɓa fashi ba sai ran Lahadi, don shi ke jan waƙa a cocinsu. Da ya ji ran Lahadi ake tseren, sai da ya je ya nemi izinin fasto.

Ran Asabar kuma muna kafa rumfa a ƙofar kantin kayan gini, muna gasa nama muna sawa cikin burodi da albasa muna sayarwa. Matarsa Lupe takan kawo farantai na burodin kwakwa, su suke fara ƙarewa. Desley ta hana Peni ci. Lupe ta ce, "Ki bar mini mijina, haka na aure shi." Fasinjojinsa ma suka ji labari. Wata tsohuwa da ke hawa kullum ta ba shi tata gudummawar, ta ce, "Na ba ka ne don ka yi niyya, ɗana, ba don na yarda za ka kai ba."

Ranar tseren da sanyi aka tashi. 'Yan cocinsu sun cika mota biyu, suka tsaya a bakin hanya da ganga. Tun farko muka rabu, kowa ya kama gabansa. Desley ta riga ni isa, na shigo ƙafafuna kamar na aro. Muka zauna a ciyawa muna jiran Peni.

Akwai lokacin da ake buɗe wa motoci hanya, duk wanda bai kai wani wuri ba kafin nan, bas ce ke bi tana kwasa. Peni ya wuce kilomita talatin da kaɗan, gwiwa ta kumbura, yana ɗingishi, sai ga ta a gefensa. Ya ce a ƙyale shi. Ma'aikaciyar tseren ta ce ƙa'ida ce. Ya shiga, ya zauna a kujerar bayan direba.

Muna nan zaune bas ta tsaya, ya sauko yana dafa ƙofa. Lupe ta ruga ta riƙe shi. Na yi zaton zan ga ransa a ɓace.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗan'uwa, yaron nan bai iya birki ba. Mutane duk ƙafa ta mutu, yana jijjiga su kamar buhuna. Sai da na koya masa a hanya."

Desley ta cire lambar yabon da aka rataya mata ta kammala gudu, ta miƙa masa. Ya ce a'a, tata ce, shi a kawo masa burodin kwakwa, yau ba mai hana shi.

Abin da muka tara ya isa ƙungiyar ta gyara ɗaki biyu da ke rufe a bayan masaukin. Sun gayyace mu ranar buɗewa, Peni bai samu zuwa ba, yana kan aiki. Dattijon nan kuwa tuni ya koma gida da matarsa, bai ma san an yi ba.

Likita ya ce wa Peni ya manta da dogon gudu, ya kuwa manta. Yanzu ran Asabar da safe yakan zaga filin unguwarsu da ƙafa, shi da Lupe. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya ce Samowa za su koma.