Motar Baba Tirela Ta Ƙi Tashi

Shekara talatin da ɗaya Baba Tirela ya yi yana jan babbar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda cewa mota tana lalacewa haka kawai ba. In ta tsaya, to wani abu ne ya tsayar da ita, kuma direban kirki shi ke fara gano abin kafin ya kira bakanike, don kada a mayar da shi saniyar tatsa. Mutum ne mai taurin kai na gaske, irin wanda zai goge gilashin mota sau uku ya manta bai wanke fuskarsa ba. Aljihun rigarsa ba ya rabo da ɗan littafi da biro. A ciki yake rubuta ranar da ya canja baƙin mai, da ranar da taya ta yi faci, da duk wata ƙara da ya ji a inji bai gamsu da ita ba.

Ba hatsari ne ya sauke shi daga mota ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Wata safiya yana sa takalmi hannunsa da ƙafarsa na hagu suka daina jin magana. Hannun ya dawo bayan 'yan watanni, sai ɗan rawa da yake yi. Ƙafar kuwa rabi ta dawo. Likita ya ce maganinta tafiya, kullum, ko da zuwa bakin layi ne da sanda. Baba Tirela ya ce ya ji, ya dawo gida ya jingine sandar a bayan ƙofa. Shi da yake shigowa layin nan da hon mai tarwatsa kaji, yanzu a ce ya fito yana jan ƙafa ana jera masa sannu? Ya tare a ɗaki ya zama dodon gida. Shayi in ya yi zafi laifi ne, in ya huce ma laifi ne.

'Yarsa ta fari ce ta samo dabara. Aikin kwamfuta take yi a wani ofis, kuma kullum in ta tashi sai ta biyo ta gidan kafin ta wuce nata. Uwata yake kiran ta, ita kaɗai ce take iya ce masa a'a ta kwana lafiya. Wata rana ta shigo da tsohuwar kwamfutarta mai ninkewa, da wani sitiyarin roba da ake maƙalawa a tebur, da totur da birki na ajiyewa a ƙasa. Wasan tirela ne: ka ɗauki kaya a wani gari, ka kai wani gari, ka yi fakin.

Ya ce wasan yara ne, ta kwashe tarkacenta. Ba ta kwashe ba, sai ta zauna ta fara tuƙi a gabansa. Ya daure da ta hau gefen titi, ya daure da ta sha kwana ba sigina. Da ta zo yin ribas ta maka bayan motar a katanga, haƙurinsa ya ƙare.

"Tashi, Uwata, kafin ki kashe mutane."

Daga ranar ya koma bakin aiki. Ƙarfe bakwai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya ajiye fulas ɗin shayi a dama da ɗan littafinsa a hagu. Ba ya wuce ƙa'idar gudu, yana sa sigina ko da ba kowa a titin. In matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, sai ya ce ta jira ya samu wurin fakin, ba a tsayawa da kaya a tsakiyar gada. Fara'arsa ta dawo, har waƙa yake yi. Sai dai ƙafar dama ce kawai ke aiki a ƙarƙashin teburin nan. Ta hagun tana ajiye daga safe zuwa la'asar, wata takwas cur, tana kumbura a hankali, in an yi masa magana ya ce gobe.

Wata Laraba da safe ya danna hoton motar yadda ya saba. Allon ya yi baƙi kamar zai buɗe, sai ya dawo yadda yake, da wani ɗan akwatin rubutu a tsakiya. Ya sake dannawa har sau biyar. Ya kashe kwamfutar ya kunna, shiru.

Da yamma 'yar ta zo ta ja kujera kusa da shi. Ta kashe ta kunna, ta sauko da wasu abubuwa daga intanet, ta ce wataƙila direban hoto ne ya tsufa, don kwamfuta ma tana da nata direbobin. Ya yi dariya ya ce ashe ba shi kaɗai aka sallama ba. Can sai ta ce, tana kallon allo:

"Baba, anya ba ka danna wani abu jiya ba kuwa?"

Ya dubi hannunsa na hagu. Wa ya sani? Hannun da ke zubar masa da shayi, me zai hana ya faɗa kan wani maɓalli.

"Ki yi haƙuri, Uwata. Kin kawo kayanki lafiya lau na lalata miki."

Ta ce ba komai, za ta ci gaba da gwadawa.

Shi ma bai naɗe hannu ba. Ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya bi abin yadda yake bin mota: a taɓa abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Ya cire wayar sitiyari ya gwada. Ya cire ta birki. Ya hure ƙurar da ke ramukan iska, ya ɗora kwamfutar a kan littattafai biyu ya kunna mata fanka, ko zafi ne ya yi mata yawa. Ya canja soket. Ya kwafe rubutun ɗan akwatin nan harafi bayan harafi, ko da yake rabinsa bai gane ba. Sauran abubuwan da ke cikin kwamfutar duk suna buɗewa, motarsa ce kawai ta ƙi tashi.

Akwai abin da bai rubuta ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Ya juya ranar Talatar nan a kansa ya fi sau ɗari, bai tuna ya danna komai ba. In kuwa ya danna ya manta, to ciwon ya bar ƙafa ya hau kai ke nan. Tsoro ya kama shi sosai. In yana zaune shi kaɗai sai ya riƙa jero lambobin motocin da ya taɓa ja, yana gwada kansa, in ɗaya ta maƙale gumi ya karyo masa.

A kwanakin ne 'yar ta ce tun da mota na gareji, su ɗan taka zuwa ƙofar gida. Mai laifi ba ya musu, ya ɗauki sanda. Daga ƙofar gida suka kai bakin famfo, daga famfo suka kai shagon tela. Cikin mako uku yana kaiwa bakin titi ba hutawa, kumburin ya fara sauka. Kullum in sun dawo sai ta zauna ta yi wa kwamfutar danne-danne na rabin awa, ta girgiza kai, shi kuma ya ƙara ba ta haƙuri.

Tausayinta ne ya sa ya yanke shawarar hutar da ita. Wata safiya matarsa ta fita unguwa, ya sa kwamfutar a jaka ya rataya, ya ɗingisa shi kaɗai har shagon mai gyara da ke ƙarƙashin wani bene a bakin titi. Shago ne matsattse, kanta cike da kwamfutocin da aka farke wa ciki, ga ƙaurin dalma. Mai gyaran dattijo ne mai furfura, da tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya. Ya karɓi littafin ya karanta shafukan a nutse, ya ce da duk masu zuwa wurinsa haka suke, da bai yi furfura da wuri ba.

Ya danna wasan, ya karanta ɗan akwatin.

"Cewa yake akwai fayil ɗin da bai gani ba. Kamar mota ce, komai lafiya, fis ɗaya ne babu."

"Ƙonewa ya yi?"

"Bari mu gani."

Ya rubuta sunan fayil ɗin a wurin nema. Kafin Baba Tirela ya gama gyara zama, mai gyara ya sauke tabarau ya juyo masa da allon. Fayil ɗin yana nan lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai a cikin wata folda can nesa da inda ya kamata ya zauna. An sa wa foldar suna: Ajiyar Baba.

"Wannan ba lalacewa ba ce, cirewa aka yi aka adana. Ga ranar nan, Talata, shida da minti ashirin na yamma."

"Ba zai yiwu hannuna ne ya taɓa bisa kuskure ba?"

"Kuskure ba ya raɗa wa folda suna. Ita kuma kwamfuta ba ta san kai Baban wani ba ne."

Baba Tirela ya buɗe littafinsa ya koma baya. Talata: ya sauke kaya ƙarfe huɗu, mota lafiya. A ƙasa, da rubutun hannunsa: Uwata ta zo shida, ta goge mini allo.

Ya san wannan aikin sarai, don shi ma ya sha yin sa. In zai bar mota a hannun wanda bai yarda da hankalinsa ba, sai ya zare fis ya jefa a aljihu, ya bar mutum yana ta murza makulli. Bai taɓa tsammanin za a wayi gari a yi masa ba, a cikin ɗakinsa. Ya kasa gane ko kunya ce ta fi yawa ko baƙin ciki.

Mai gyara ya ce ya mayar da fayil ɗin wurinsa? Ya ce a'a, ya bar shi yadda ya gan shi.

Da yamma ta shigo da fara'a tana tambayar ko ya shirya su fita. Ya nuna mata kujera.

"Zauna ki tayar mini da motar."

"Baba, ai ka ga ina ta ƙoƙari..."

"Duba cikin Ajiyar Baba."

Hannunta ya tsaya a kan tebur. Matarsa, da ke bakin ƙofa da tire a hannu, ta sunkuyar da kai, nan ya gane ita ma da saninta.

'Yar ta fara magana da sauri, idonta ya kawo ruwa. Ta ce likita ya kira ta gefe ya ce in aka ci gaba a haka ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Ta ce ta roƙe shi, Mama ta roƙe shi, kullum gobe. Ta ce ga shi yanzu yana kaiwa titi. Duk gaskiya ta faɗa, kuma ya san gaskiya ce.

"Kayanki ne," in ji shi. "Da kin ɗauke kin ce Baba na ɗauke, da na yi faɗan kwana biyu na haƙura. Amma kika zauna a nan kafaɗa da kafaɗa da ni kina danne-dannen ƙarya, ina ba ki haƙuri kina karɓa. Kin tambaye ni ko na danna wani abu. Mako uku ina neman abin da na danna. Na ɗauka kaina ne ya fara taɓuwa, Uwata. Na ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi."

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta ja fayil ɗin ta mayar da shi wurinsa, ta danna hoton motar. Allon ya yi baƙi, ya buɗe, ƙarar inji ta cika ɗakin. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Ya daɗe yana kallon motar a inda ya yi mata fakin ranar Talata, sannan ya ce ta kashe.

Washegari ta ɗauki izini a ofis ta zo da wuri. Ta same shi a tsakar gida ya sa takalmi, sanda a hannu. Ta matso ta miƙa hannu za ta riƙe masa gwiwar hannu yadda suka saba, ya janye a hankali.

"Bar shi, na san hanya."

Ta tsaya a ƙofar gida tana kallon sa yana jan ƙafar shi kaɗai, ya wuce famfo, ya wuce shagon tela, bai waiwayo ba.